Rahoton da Mahbub Ya Rufe

Mahbub ɗan Malam Jibirin na Gwarzo yana da kai, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma yana da wani mugun hali guda ɗaya: ba a yi masa gyara. Ka ce masa hularsa ta karkace, sai ya ɗauke maka gaisuwa har sai ka ba shi haƙuri. Tun yana ƙarami haka yake, aka yi ta lallaɓa shi saboda darajar mahaifinsa, limamin masallacin unguwarsu.

A shekarun da Shari'a ta dawo Kano, rayuwa kuma ta yi tsada, man fetur kullum sai hawa yake, wasu makarantun Islamiyya na Gwarzo da Kabo suka samu tsofaffin kwamfutoci na sadaka. Babu mai halin sayen manhajar kamfani. Mahbub, da yake ya yi karatun kwamfuta a Kano, shi ya bi makarantun yana zuba musu wata babbar manhaja ta kyauta, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu su gina, kowa kuma yana iya leƙa cikinta. Ƙunshi-ƙunshi take zuwa, kowane ƙunshi da mai kula da shi. Mahbub ya rubuta nasa, ya sa masa suna Agogon Salla: ka zaɓi garinku, ya fito maka da lokutan salloli biyar. Aka karɓa, aka rubuta sunansa a matsayin mai kula da shi. Daga ranar ko tafiyarsa ta canja.

Masu wannan aiki suna da ƙa'ida. Duk wanda ya ga matsala a wani ƙunshi, ya je dandalin rahoto a intanet ya rubuta a fili, inda kowa zai gani. Mai kula ya gwada, ya gyara, in abin ya fi ƙarfinsa ya nemi taimako. Mahbub da bakinsa ya koyar da wannan ƙa'ida. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne wata rana za ta biyo ta kansa.

Malam Jibirin idanunsa sun yi rauni, ba ya iya duban inuwa ko faɗuwar rana kamar dā. Kullum da la'asar sakaliya sai ka ji shi daga kan buzunsa a zaure: "Mahbub, ƙarfe nawa?" Shi kuma ya dubi agogon hannunsa ya faɗa. Da Mahbub ya ce zai buga wa masallaci jadawalin shan ruwa na azumin bana daga ƙunshin nasa, tsohon ya yi ta sa masa albarka, yana gaya wa duk wanda ya shigo gaisuwa.

A cikin Sha'aban abin ya faro. Murja, 'yar ƙanin Malam, tana aure a Kabo, tana koyarwa a wata Islamiyya a can, ita ce kuma mai kula da kwamfutar makarantar. Tana ramuwar azumi ne, ta sabunta ƙunshin zuwa sabuwar fitowa, ta duba lokacin magariba. Da lokacin ya yi ta ɗauki kofi za ta sha ruwa, sai ta hango rana jawur tana nan a saman bishiyar ɗorawa. Washegari ta sake gwadawa, haka. Ta hau mota zuwa Gwarzo, ta shiga kafe, shagon da ake biya a hau intanet, ta rubuta rahoto yadda aka koya mata: abin da ta danna, abin da take tsammani, abin da ta gani. Ta ƙara da cewa tana zargin in an zaɓi Kabo ko Gwarzo, lokacin wani gari na gabas yake bayarwa, inda rana ke riga faɗuwa.

Da Mahbub ya buɗe dandalin ya ga rahoton, sai da ya miƙe tsaye. Bai karanta har ƙarshe ba. Sunanta kawai ya gani, da sunan ƙunshinsa, da kalmar kuskure. Ya tako babur har Kabo, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Murja, ni za ki tona wa asiri?"

"Yaya Mahbub, ina wuni? Shigo mana ka zauna."

"Ban zo zama ba! Ni za ki kai ƙara gaban Turawa? Babu gaisuwa, babu Yaya, kawai kin zuba rubutu kamar kina magana da sa'anki! Ba ki san hanyar gidanmu ba ne?"

"Yaya, kai ka ce a can ake rubutawa. Ka ce in an faɗa a zaure mantawa ake yi."

"Wannan na baƙi ne! Ke ƙanwata ce. Ni na koya miki riƙe linzamin kwamfuta!"

"To ka gwada mana. Ka zauna har magariba, ga ɗorawar can, ka gani da idonka."

"Agogonki ne ya lalace. A tawa kwamfutar lafiya lau yake aiki."

Gaskiya ne a tasa lafiya lau yake aiki, don shi Kano ya saba zaɓa tun yana makaranta, bai taɓa danna Gwarzo ya fita ya dubi sama ba. Ya dawo kafe yana huci, ya rubuta a ƙarƙashin rahoton cewa babu wata matsala, mai rahoton ce ba ta iya saita agogo ba. Ya rufe shi. Rahoton da aka rufe kuwa ba ya cikin waɗanda sauran masu aikin ke dubawa. Bai tsaya nan ba, ya bi malaman makarantun yana gaya musu duk mai ƙorafi ya same shi a gida. Su kuma, mutanen kirki masu kara, suka ce, "Ai Malam Mahbub komai lafiya lau."

Murja ta hana ladaninsu na Kabo amfani da lissafin. Ana gobe azumi ta zo Gwarzo da niyyar gaya wa Malam Jibirin. Mahbub ya tare ta a ƙofar gida.

"In kin shiga ki gaida Baba ne, bismilla. In kuwa maganar nan ce, kada ki ƙara taka gidan nan."

Ta shiga, ta durƙusa. Tsohon ya riga ta magana, yana murmushi: "Murja, kin ji abin da yayanki ya yi mana? Bana ba mu da wahala." Ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta kasa. Ta ce, "Allah ya ƙara basira, Baba." Ta fito tana kuka don haushin kanta.

Azumin ya kama a ƙarshen damina. Kwanakin farko kullum da yamma hadari ne ke rufe yamma, ba a ganin rana. Sajo ladan ya riƙa bin takardar da Mahbub ya buga da lissafin Gwarzo, aka manna a jikin masallaci. Wasu suka fara ƙunƙuni cewa masallacinsu yana riga kowa kira. Mahbub ya ce na sauran ne ke makara, su da lissafin kimiyya suke aiki. Ya faɗa da ƙarfi, ya haɗa da Turanci, mutane suka ƙyale shi.

Sai ranar da gari ya washe. Sajo ya dubi takarda, ya dubi agogo, ya ɗaga murya. Mutane a ƙofar masallaci suka kai dabino baki, wasu suka ɗaga kofin kunu. Sai wani manomi da ya dawo daga gona ya yi ihu: "Kai jama'a! Ku dubi can!" Ga rana nan ƙiri-ƙiri a kan dawa, ko rabinta bai nutse ba.

Wurin ya kaure. Wani ya tofar da dabino, wani ya yi jifa da kofi. Masu dako da suka wuni cikin rana suna ta da jijiyar wuya. "Tun ranar farko haka muke yi ke nan?" "Azumin mutane abin wasa ne?" Aka yi kan Sajo, bawan Allah yana ta nuna takarda. A ƙasan takardar kuwa ga sunan Mahbub da manyan baƙaƙe, shi ya sa da kansa.

Malam Jibirin ya bari sai da aka idar da salla. Ya juyo, ya fuskanci jama'a.

"Duk wanda ya sha ruwa da kiran masallacin nan daga farkon wata zuwa yau, zai rama. Kada a taɓa Sajo. Ni na ba shi takardar. Ni aka ba amana, na miƙa ta ban bincika ba. Ku yafe mini. Daga gobe na'ibi zai ja ku salla."

Mutum ya yi shekaru fiye da na Mahbub a duniya yana limanci, ba a taɓa kama shi da wasa da lokaci ba. A ranar ya sauka.

A zaure ya kira ɗansa. Murja, da ta ji labari, ta riga ta iso ta faɗi komai.

"An gaya maka?"

"Baba, ita ce ta rubuta a inda duniya..."

"Na ce an gaya maka?"

"An gaya mini."

"Ka gwada?"

Mahbub ya sunkuyar da kai.

"Ka ji kunyar Turawan da ba su san fuskarka ba, ba ka ji tsoron Allah a kan azumin unguwa guda ba. Tashi. Inda ka rubuta ƙarya, je ka rubuta gaskiya."

Da safe Mahbub ya sake buɗe rahoton da hannunsa. Kafin azahar wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta duba, ta gano cewa wajen sabuntawa ne jerin garuruwan ya goce, ta turo gyara. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya yi masa dariya. Masu aikin suka yi wa Murja godiya, suka tambayi Mahbub abu ɗaya: me ya sa ya rufe bai gwada ba? Bayan ɗan lokaci aka ba wani kula da ƙunshin.

Bayan ƙaramar salla, unguwa ta yi ramuwa, har da Malam Jibirin da tsufansa. Da la'asar sakaliya Mahbub yana zaune kusa da buzun, agogo a hannunsa, yana jira a tambaye shi. Tsohon ya ɗaga kai, ya ƙwalla wa maƙwabcinsa kira ta kan katanga: "Mudi! Don Allah duba mini, ranar ta kusa faɗuwa?" Har Allah ya karɓi ransa bai sake tambayar Mahbub ƙarfe nawa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda ya nuna maka kuskure a aikinka taimakonka ya yi, ko ƙaninka ne, ko a gaban jama'a ne. Aikin da mutane suka dogara da shi amana ne, ba rigar ado ba. In an kawo maka rahoto, ka gwada kafin ka musa. Kai kuma da ka ga matsala, kada kara ta rufe maka baki. Mahbub ya rufe rahoto don kare sunansa, sai ya rasa sunan, ya ɓata azumin mutane, ya kuma rasa yardar mahaifinsa.