Buhunan da Aka Cusa a Kwalbati

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, ta wajen Maruta. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye. Manomi ne mai 'yan shanu da amalanke. Wata bazara saniyarsa da ya fi ji da ita ta rame, ta daina kiwo, har aka yanka ta. Da aka farka tumbinta sai ga leda cunkushe, ta cika daro.

Rafin garin cike yake da leda, kuma kowane gida na zubarwa, har da nasa. Amma zuciyarsa ta zaɓi mutum ɗaya, Ɗanladi mai sayar da ruwan leda a bakin titi. Ya je ya zazzage shi a gaban jama'a. Ɗanladi ya ce shi dai bai taɓa sayar wa saniya ruwa ba. Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ta fi mutuwar saniyar ci masa rai, ya yi wata biyu yana juya ta.

Da damina ta kankama, liman Malam Sada ya kira gayya a yashe rafin. Mutumin nan ya riga kowa zuwa. Ya shiga laka har gwiwa, kwalba ta yanke shi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Aka cika buhu goma sha huɗu. Ya ce a bar masa, gobe zai kai su ramin bayan gari da amalankensa. Liman ya yi ta sa masa albarka.

Ya 'yan uwa, mu dai gumi muke gani. Wa ke ganin abin da ke ƙarƙashin haƙarƙari?

Washegari Juma'a. Ya bari maza suka tafi masallaci, ya kora shanunsa zuwa kwalbatin da ke bayan gidan Ɗanladi, inda ruwan unguwa ke ratsa titi ya faɗa rafi. Ya cusa buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da kara da ƙasa. Nufinsa ruwa ya taru ya ci katangar Ɗanladi, shi ma a yi masa dariya.

Kwana biyar, bayan azahar, aka sheƙe da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya zo ya tarar da hanyarsa a toshe. Katangar Ɗanladi ta bulo ce, ko gezau. Sai ruwan ya juya ya gangara layin gidajen ƙasa. A gida na uku 'yar mutumin take aure, Munawwara, kwananta tara da haihuwa, mijinta yana gona. Ɗaki ya rufta a kanta da jaririn.

Uban da hannunsa ya tona ƙasar. An ciro ta da rai, bayanta a karye. Yaron bai yi motsi ba.

Da ruwa ya janye, samari suka shiga kwalbatin, suka tarar da buhunan. Ba su tambayi kowa ba, don su suka ɗaure bakin buhunan, kuma sun san wanda aka damƙa wa.

Ya bi 'yarsa asibiti a Birnin Kudu, ya tsaya a gefen gado. Labari ya riga shi isa. Ta dube shi ta ce, "Baba, yanzu zuciyarka ta yi sanyi?" Ta mayar da fuskarta bango. Har yau ba ta taka ƙasa ba, har yau ba ta ƙara ce masa uffan ba. Shanun sun ƙare a jinya. In ya shigo masallaci, wanda ke kusa da shi sai ya matsa.

Ya 'yan uwa, kawar da ƙazanta daga hanyar mutane sadaka ce, amma niyya ake aunawa. Wannan bawa ya ɗauki aikin lada ya wasa shi ya zama wuƙa, a ranar Juma'a, ana tsakiyar huɗuba. Yana zaton Ubangiji ma masallaci ya tafi? Kai da ke zaune nan kana dafa wa wani mugunta, ka san gidan da za ta sauka? Ba ka sani ba. Tona rami naka ne, zaɓen wanda zai faɗa ba naka ba ne.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙulli da ramuwa. Allah kada ya kama 'ya'yanmu da abin da hannayenmu suka aikata. Allah ya kiyaye mu, amin.