Geron da Tsuntsaye Suka Zaɓa wa Tasalla

Ga ta nan tafe, ga ta nanku. Ku matso, ku bar ture-turen nan.

Ta iso mu ji ta, Kaka!

A wani ƙauye da ke bakin fadama an yi wata mata ana ce mata Tasalla. Ba miji, ba ɗa, abin da ta mallaka a duniya gona ce ƙwaya ɗaya da ubanta ya bar mata. Amma fa gona ce ta gaske! Ƙasa baƙa wuluk, mai laushi, ko da wasa ka yar da ƙwayar gero sai ta tsiro.

Maƙwabcinta a gona shi ne Tautau, wani gizo-gizo mai dogayen ƙafafu da zaƙin baki. Shi ma gonarsa ba laifi, amma idonsa na kan ta Tasalla. To, a garin nan akwai wata al'ada. Duk gonar da ta yi damina uku a jere ba ta cika rumbu ba, dagaci yakan karɓe ta ya ba maƙwabci. Tautau ya san wannan sarai.

Sai ya lallaɓa cikin fadama wurin Sarkin jan-baki. Kun san jan-baki ai, 'yan tsuntsayen nan masu tashi dubu-dubu su rufe rana.

Tautau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, alheri na kawo. Duk shekara zan zo in gaya muku ranar da geron Tasalla ya yi ido, ku je ku more. Ku kuma ku ƙyale tawa gonar."

Sarkin jan-baki ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Mun yarda."

Damina ta farko, geron Tasalla ya yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Ranar da ya yi ido, sai ga jan-baki sun taso suna waƙa:

"Cui-cui, gero ya nuna,
Tautau ya faɗa, mu mun zo!"

Tasalla ta buga gwangwani, ta yi jifa da majajjawa, ta yi ihu har muryarta ta dushe. Ina! Kafin la'asar sun sussuke gonar tas, sai kara a tsaye. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, don zuciyarta ta ƙuna ƙwarai.

Da ta share hawaye, ta tashi tana zagaya gonar, sai ta ga zangarniya bakwai da ba a taɓa ba. Ta kai hannu, wani abu ya soke ta. Ashe gashi ne da su, tsini-tsini, duk ya rufe ƙwayar. Irin waɗannan munanan zangarniyoyin kan fito jefi-jefi a kowace gona, kuma ba mai ajiye su iri. Kowa sumul-sumul yake zaɓa, masu gashin a watsa wa jaki.

Tana tsaye sai wani ɗan jan-baki da ya makara ya sauka kan guda. Ya kai baki, gashin ya tsone masa ido. Ya ce "Cui!" ya tashi a gigice. Tasalla ta bi shi da kallo, ta dubi zangarniyar, ta ce, "Af! Ashe haka ne."

Can sai ga Tautau yana tafe yana salati. "Wayyo Yaya Tasalla, sannu! Wannan asara da me ta yi kama? 'Yan bakwai ɗin nan ki gasa tumu ki ci kawai. Iri kuwa ni zan ba ki nawa, sumul, ba gashi ko ɗaya."

Ta ce, "Na gode, maƙwabci. Bar ni da munanan nawa."

Ta rataye su a saman murhu, inda hayaƙi zai kore musu ƙwari. Ranin nan ta sha wuya, jikokina. Sussuka take yi a gidajen mutane a ba ta ɗan tsaki, wata rana kuwa tafasa kawai za ta dafa ta kwanta. Sau uku tana miƙa hannu za ta sauke zangarniyoyin nan ta daka, sau uku tana mayar da hannunta.

Damina ta biyu ta shuka su. Irin bai kai ya cika gonar ba, kusurwa ɗaya ya rufe. Da geron ya fitar da kai, sai ga shi iri-iri: wani sumul, wani da ɗan gajeren gashi, wani da gashi zaƙo-zaƙo. Kada ku yi mamaki. Ku dubi kanku mana, uwarku ɗaya ubanku ɗaya, amma ga mai kunnuwa kamar faifai can yana hamma. Rufe bakin, kada sauro ya shiga!

Tautau ya kai gulma fadama, jan-baki suka taso:

"Cui-cui, gero ya nuna,
Tautau ya faɗa, mu mun zo!"

Suka cinye masu sumul ƙarƙaf, suka tsattsaga masu gajeren gashi, masu dogon gashi kuwa suka bar su dole. Tasalla ba ta ko ɗaga majajjawa ba. Tsohon zanenta ta yayyaga, ta bi gonar tana dubawa. Duk zangarniyar da ta ga gashinta ya fi tsawo, ƙwayarta kuma ta fi ƙiba, sai ta ɗaura mata tsumma. Waɗannan ta ware su ne iri, sauran ta ci.

Dami uku ta samu. Matan gari suka yi ta yi mata dariya a wurin sussuka, suna cewa, "Tasalla, wannan gero ne ko bushiya?" Dagaci kuma ya aika aka kira ta.

Ya ce, "Tasalla, ubanki abokina ne, amma al'ada ta fi ƙarfina. Saura damina ɗaya. In rumbunki bai cika ba, gonar ta zama ta Tautau."

Tasalla ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Allah ya kai mu."

Damina ta uku, ta shuke gonar tun daga wannan iyaka har waccan da irin da ta ware. Ta yi noma, ta yi maimai. Da geron ya fitar da kai, ku tsaya ku ji! Gona kaf ta yi buzu-buzu, mai sumul sai ka yi da gaske kafin ka ga guda.

Tautau bai ko tsaya dubawa ba, ya ruga fadama. Shekarar nan jan-baki sun yi yawan da ba a taɓa gani ba. Suka taso gari ya yi duhu:

"Cui-cui, gero ya nuna,
Tautau ya fa..."

Waƙar ba ta ƙare ba. Suka sauko ta sama, gashi ya tsone musu ido. Suka zagayo ta gefe, ya soke su a hanci. Suka maƙale a kara suka biyo ta ƙasa, ya cake su a wuya. Ba ka jin komai sai cui-cui na kuka. Tasalla na zaune a gindin gawo ta miƙe ƙafa, tana cin gyaɗarta.

Sarkin jan-baki da kansa ya gwada, ya dawo ido ɗaya a rufe yana hawaye. Ya sauka a gabanta ya ce, "Baiwar Allah, don girman Allah, wane mugu ne ya ba ki wannan iri?"

Tasalla ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ku ne mana! Shekara biyu kuna cinye wanda kuke iyawa, kuna bar mini wanda ya gagare ku. Ku kuka fara zaɓe, ni na ƙarasa. Sannunku da aiki!"

Sarki ya waiga. Ga yunwa na cin jama'arsa. Ya ɗaga ido ɗayan da ya rage, sai ya hango wata gona a ƙetaren iyaka, gero sumul-sumul yana sheƙi.

Tautau ya fito da gudu, ƙafafu na harɗewa. "Ranka ya daɗe, tawa ce! Alkawari fa, alkawari!"

Sarki ya ce, "Ka ce mu zo mu more. Mun zo, ba mu more ba. Yara, bismilla!"

Kafin Tautau ya gama ihu sun share gonar. Haushi ya ɗebe shi ya faɗa gonar Tasalla zai karya mata gero, gashin ya manne masa a ƙafafu, ya fito yana susa yana tsalle. Har yau gashin na nan a ƙafafunsa, shi ya sa in ya bi ta jikin mutum sai wurin ya yi ta ƙaiƙayi.

Ranar da aka kwaso amfani, dagaci ya zo da kansa. Aka yi ta jera dami a rumbu har ya cika maƙil, ga saura a ƙasa an rasa inda za a sa. Matan da suka yi mata dariya su ne suka rangaɗa guɗa, kowace da ƙoƙonta tana roƙon iri. Tasalla ta ba su, ta kuma koya musu ɗaura tsumma tun gero na tsaye.

Dagaci ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku shaida. Gonar nan ta Tasalla ce, ba mai taɓa ta."

Tasalla ta durƙusa ta dafa ƙasar da hannu biyu, daɗi ya cika ta.

To kun ji. Abin da Allah ya halitta bai yi shi kama ɗaya ba, kuma wanda kuka raina don muninsa, wata rana shi ne zai tsaya in wuya ta zo. In za ku ajiye iri, ku duba wanda ya jure, ku yi haƙuri ku sake zaɓa baɗi. Mai haɗa baki a cuci maƙwabci kuwa, kun dai ga yadda ya ƙare.

Ƙungurus! Ga kan kusu nan na ajiye, wanda bai tashi ya wanke ƙafa ba shi zai ci.