Wake da Baƙinta na Ƙarƙashin Ƙasa

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu tsinke mini ɗanyen wake."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Wata shekara aka shuka Wake a wata gona da ta gaji, yashi zalla. Ta yi fure ta ɗauki 'ya'ya, amma ganyenta ya yi rawaya, 'ya'yan suka ƙi cika. Ba ruwa ta rasa ba. Abincin da ke sa ganye ya yi kore ne babu a ƙasar. Ga shi kuwa jingim a cikin iska, amma baiwar Allah ba ta san yadda ake kamo shi ba. Kullum tana kallon 'ya'yanta suna ramewa, abin tausayi.

A ƙarƙashin gonar akwai waɗansu 'Yan Mitsi-mitsi, dubunsu sai su zauna a tsinin allura. Su sun iya dafa abincin iska, sai dai murhunsu ba ya kamawa sai a rufaffen ɗaki, kuma ba su da ɗaki. Suka je ƙofar Gero, ya ce gidansa ba masauki ba ne. Dawa ta yi kunnen uwar shegu da su. Rogo kuwa, da ƙaton cikinsa, ya ce shi ma a matse yake.

Wake ta ji labarinsu, tana son ta kira su, amma ƙarƙashin ƙasa duhu ne, ba ka gane baƙon kirki da ɓarawo. Sai ta saki wani ƙamshi daga saiwarta a matsayin gayyata. Da suka shaƙa, suka haɗa nasu ƙamshin, irin wanda zuriyarsu kaɗai ta iya, suka aika mata a matsayin sallama. Yana taɓa gashin saiwarta, gashin ya lanƙwashe kamar hannun uwa, ya rungumo su ciki. Ta gina musu 'yan ɗakuna ƙulu-ƙulu. Tana sauko musu da zaƙin da take samu daga rana, suna aika mata da girki. Kafin mako biyu ta yi kore shar.

Ashe Tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, ta kai wa Gizo labarin gidan da ake shan zaƙi. Ya shafe jiki da man shanu ya zo ƙofa, gashin saiwa bai motsa ba. Ya koma ya shafo daddawa, shiru. A karo na uku, ɗan banza, sai ya goga bayansa a bangon ɗakunan baƙin har ƙamshinsu ya kama shi. Gashi ya lanƙwashe, aka ba shi ɗaki.

Gizo ya miƙe ƙafa, yana shanye rabonsa da na maƙwabta. 'Yan Mitsi-mitsi suka fara jin yunwa, girki ya ragu, 'ya'yan Wake suka koma ramewa.

Wake ta ce, "Baƙo na ɗakin ƙarshe, ina girkinka?"

Gizo ya ce, "Yana kan wuta, Uwar gida."

Washegari ya ce itacen ɗanye ne. Rana ta uku ya ce ai ya aika, wataƙila a hanya ya zube.

Wake ba ta iya korar baƙo, har hawaye ta yi. Amma da ta dubi 'ya'yanta, sai ta toshe 'yar kafar iskar ɗakinsa, ta tsayar da zaƙi. Numfashi ya gagari Gizo, ya kutsa ta wata 'yar ɓaraka da ƙyar. Matsewar ranar ce ta bar shi da siririn ƙugu har yau.

'Ya'yan Wake suka cika fam. Da shekara ta zagayo aka shuka Gero a wurin, ya ci sauran girkin waɗanda ya kora, ya yi zangarniya kamar damtse. Kunya ta kama shi. Tun ranar yake roƙon manoma su shuka shi kusa da Wake.

To, ku riƙe wannan: kada ku raina baƙo don ƙanƙantarsa, kuma duk wanda aka buɗe wa ƙofa, ya shigo da amfaninsa.

Ƙungurus kan kusu. Mai shakka ya tumɓuke wake ya ga ɗakunan, amma ba a gonata ba.