Riga Ɗaya ta Alhaji Mamuda

Ku matso, yau akwai gardama, kuma ba na son mai cewa "duk ɗaya ne."

Barista Saratu lauya ce ta shari'ar 'yan kasuwa a Kano. Wani kamfani ya kai Alhaji Mamuda dillalin riɗi ƙara, wai buhunan da ya tura musu rabi yashi ne. In ta tabbata, sunansa ya mutu a kasuwa, ko mudu ɗaya ba mai ƙara saya a hannunsa. Bawan Allah har ya rame. Saratu ta tsaya masa.

Mahaifinta, Malam Ɗanjummai, ɗinkin buhu ne sana'arsa. Tun tana ƙarama take zama gefensa tana zura masa igiya a basilla. Shi ya nuna mata cewa buhun da aka farke aka sake ɗinkewa ba ya ɓuya, tsofaffin hudoji na nan gefen sababbi. Da aka jibge buhunan a kotu aka yanka ɗaya, kowa yashin yake kallo, ita kuwa bakin buhu ta duba, ta ga hudoji layi biyu.

Kawunta Sallau masinjan kotu ne, shekara talatin yana ɗaukar fayil. Ita aikin jinya ta so, shi kuwa ya kafe, ya cike mata takardar karatun lauya da hannunsa, ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba. Ba don taurin kansa ba, ranar shari'ar tana can asibiti tana yi wa mutane allura.

Sai ubangidanta na farko a aikin lauya, Barista Lawandi, tsoho mai faɗan tsiya. Shekara bakwai yana horar da ita: kada ki nuna abin da kika sani sai mai shaida ya ɗaure kansa. Don haka ta danne zumuɗinta, ta tambayi manajan kamfanin, "Ranka ya daɗe, ban da wannan da aka yanka a gaban alƙali, an taɓa buɗe buhunan nan tun da suka bar Kano?" Ya rantse ba a taɓa ba, har sau uku. Sannan ta nuna hudojin, alamar an farke buhunan a hannun kamfanin an zuba yashi an sake ɗinkewa. Da ta yi gaggawa, cewa zai yi sun buɗe ne don dubawa, shi ke nan magana ta mutu.

Alhaji Mamuda ya fita da sunansa, har da hawaye. Ya kawo mata babbar riga guda ɗaya, aikin hannu, ya ce, "'Yata, ki ba wanda ya yi ki lauya."

Rigar nan tana cikin akwatinta har yau, don duka ukun suna raye, kuma kowa ya ji labari. Ni kaina na kasa raba wannan gardama. To ku, wa za ta ɗora wa rigar?