Hannun da Ya Fi Ƙarfin Shebur

Akwai wani mutumin ƙauyenmu da har yau tsofaffi ba sa son a tayar da zancensa, sunansa Arch Kingfisher. Ɗan ƙabilar Cherokee ne kamar mu, 'yan asalin Amurka, haifaffen duwatsun gabashin Tahlequah, tun zamanin da jirgin ƙasa yake sabon abu.

Allah ya yi wa Arch baiwar hannun dama. Kawunsa Wili, wan mahaifiyarsa, shi ya raine shi, shi ya koya masa jifan kurege da dutse. Da ya girma Turawa suka ga jifansa, suka ɗauke shi ƙungiyar besbol, wasan ƙwallo da kulki, a birni, ya zama mai jefa ƙwallo ana biyansa. In ya saki ƙwallo, mai kulki sai dai ya doki iska.

'Yan kallo ba su damu da sunansa ba, "Sarkin Indiyawa" suke ce masa suna shewa, don Indiyawa Turawa ke kiran irinmu. Shi kuwa bai ji ba'ar da ke ciki ba, kansa ya kumbura.

A wajenmu akwai gadugi, wato aikin gayya. In aka buga ƙararrawar coci a hankali, an yi rasuwa ke nan, kowane namiji sai ya saɓa shebur ya nufi maƙabarta. Ba a biyan kowa, ba a roƙon kowa.

Wani hunturu Arch ya zo hutu gida, sai mahaifin Lacy, abokinsa na ƙuruciya, ya rasu. Kawu Wili ya leƙo ɗaki da shebur biyu a hannu.

"Tashi mu je, ɗana. Ƙasa ta daskare, kuma yawancinmu tsofaffi ne."

Arch ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Kawu, wannan hannun ya fi ƙarfin shebur. In ya gurɗe fa? Ku nemo wani ya yi a madadina, ni zan biya shi."

"Biya?" in ji tsohon. "A kan kabari?"

Sai ya jingine shebur ɗaya a bango ya fita. Ranar, saboda ƙarancin hannu, Lacy da ake zuwa yi wa gaisuwa shi ya shiga ramin ubansa da kansa.

To mu mutanenmu ba sa yi wa mutum faɗa, kuma da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Aka ci gaba da gaishe shi, ana aika masa burodin wake. Kiransa aiki ne kawai aka daina.

Arch ya koma birni. Masu ƙungiya suka mai da shi jaki, yau jifa gobe jifa, babu hutu. Kafaɗa ta fara ciwo, ya riƙa shafa magani yana ɓoyewa. Wata rana da la'asar ya ɗaga hannu, ya ji abu ya tsinke a ciki, ƙwallon ta faɗi a tsakiyar hanya. Bakin da ke yi masa kirari shi ya yi masa ature, ana cewa, "Sarki, koma daji." Ba a jima ba aka miƙa masa tikitin jirgin komawa gida.

Ya dawo gida ko kansa ba ya iya tajewa da dama. Birni bai ƙara ba shi sha'awa ba. Abu ɗaya yake so a duniya, a sake kiransa cikin maza.

Da aka buga ƙararrawa, ya ɗauki shebur ya bi sahu. Lacy ya tare shi a bakin maƙabarta, fuska babu fushi babu fara'a.

"A'a, manya, ga inuwa can. Kar hannu ya gurɗe."

Haka ya zauna yana kallo, haka aka yi ta yi masa shekara da shekaru.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu Wili, Arch ya durƙusa a gefen gadonsa ya ce, "Kawu, ka ce musu su huce mana."

"Ba fushi suke da kai ba, ɗana. Sun cire ka daga lissafi ne."

Amma tsohon bai iya tafiya ya bar shi haka ba. Ya sa aka kira Lacy ya ce, "In na cika, Arch ne zai fara saran kabarina. Alfarma nake roƙo." Lacy ya sunkuyar da kai ya amsa.

Da safiyar jana'iza maza suka zagaye wurin, Lacy ya miƙa wa Arch diga, don ƙasarmu tsakuwa ce zalla. Arch ya karɓa. Wannan ita ce ƙofar da kawunsa ya buɗe masa, ya kuma san babu wata bayanta.

Ya ɗaga diga, hannu ya tsaya a kafaɗa ya ƙi wucewa. Ya cije ya sake, zafi ya durƙusar da shi. Ya juya da hagu, diga ta zame a kan dutse, ko tafin ƙasa bai tona ba. Babu wanda ya yi dariya. Maza suna tsaye riƙe da huluna, rana tana ta ɗagawa, shi kuma yana ta yi yana hawaye.

Can Lacy ya dafa shi a hankali.

"Kawo, Arch. Tsoho yana jira."

Ya saki diga ya koma gefe. Hannun da ya ƙarar a kan mutanen da ba su san sunansa ba, ya kasa yi wa wanda ya raine shi sara ɗaya.

Darasi: Ƙarfi da baiwa aro ne, ba a sanar da mutum ranar karɓewa. Ka yi wa naka hidima tun kana iyawa, domin ranar da za ka so yi, wataƙila jikin ya riga ya ƙi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda ɗaukaka ta fara mantar da shi gida.