Cokali Biyu a Kular Direba

Akwai wani direban motar ma'aikata, mijin yayata ne, Allah ya jiƙansa. Zan ba ku labarinsa kamar na wasu can daban, in ba haka ba ba zan iya kai shi ƙarshe ba.

Mutumin nan yana da ciwon kumburin hanji, irin wanda ba ya warkewa, sai dai ya lafa ya tashi. In ya tashi, murɗar ciki ce da gudawa har da jini, sau takwas sau goma a yini. Ga shi aikinsa ba na mai yawan neman banɗaki ba ne. Ƙarfe shida na safe yake kwasar ma'aikatan wani kamfani, tafiyar awa guda ba tsayawa.

Matarsa tela ce. Shi yana kiranta Tela, ita tana kiransa Direba.

A asibiti, bayan magani, an koya musu wata dabara. Aka ce abin da ke tayar wa wani ciki ba lallai ya tayar wa wani ba, don haka su sami littafi. Duk abin da ya ci a rubuta, a rubuta yadda cikin ya yi. Abin da ya dame shi sau biyu, a ja masa layi.

Shekara biyu Tela tana wannan rubutu. Madara ta sha layi, kitse ya sha layi, yaji da ɗanyen kabeji ma haka. Aka bar masa shinkafa mai laushi, dafaffen dankali, kifi, ƙwai, ayaba da kaza marar fata. Ta ware masa 'yar tukunyarsa daban. Da wannan da magani, Direba ya yi kumari, har yana tsokanarta.

"Tela, in ma wani ya sace littafin nan, ai ya sace ni ne gaba ɗaya."

Ana cikin haka sai goggonsa ta zo, ƙanwar mahaifinsa. Ta ce mako guda za ta yi a duba mata gwiwa. Mako ya zama wata, gwiwa kuwa ba a sake jin labarinta ba.

Tun ranar farko ta leƙa 'yar tukunyar ta taɓe baki.

"Wannan kuma wankin kwano ne ko abinci?"

"Na Direba ne, Goggo. Likita ne ya ce..."

"Likita! Ni na goya yaron nan. A bayana ya yi kashi ya yi fitsari, babu abin da ban ɗura masa ba, ko atishawa bai taɓa yi ba. Yanzu ya yi aure an ce ba ya cin mai. Tsirfa dai, 'yar nan, tsirfa!"

Tela ta mayar da murfin tukunyar, ta ƙyale ta. Babba ce, kuma baƙuwa.

Da yake Tela kan buɗe shago da wuri, Goggo ta ce a bar mata zuba abincin rana a kula, wanda ake aika wa Direba wurin aiki. Tela har ta ji daɗi, ta ɗauka an fara shiri.

Kwana uku da fara haka, Direba ya dawo yana lasar baki.

"Tela, yau me kika sa a dankalin nan? Ya yi garɗi."

"Abin da na saba ne."

Goggo tana gefe tana tauna asuwaki, ta yi wani murmushi ita kaɗai.

Washegari cikin ya murɗa. Bayan kwana biyu ya sake. Tela ta ɗauko littafi, ta ja wa dankali layi. Mako na gaba shinkafa ta bi. Sai kifi. Sai kaza. Duk abin da ta dafa ta bari a zuba a kula, sai ya dawo mata da laifi. Ta canza tukunya, ta canza mai sayar mata da kifi, ta riƙa tafasa ruwa sau biyu. Ko kusa ba ta kawo hannun da ke rufe kular a ranta ba.

Suka koma asibiti. Likita ya duba littafin, ya ga ba a kauce wa ƙa'ida ba, sai ya ce wataƙila maganin ne ya daina yi masa aiki. Aka canza wani, aka ce su dawo bayan wata guda.

Direba ya fara tsoron abinci. Ya koma shayi ba madara da busasshen burodi, kular ma sai ya ɗan taɓa don kada ran matarsa ya ɓaci. Wandonsa Tela ta rage masa har sau biyu a kan kekenta.

Wata safiya, mota cike da ma'aikata, a tsakiyar gada inda babu wurin tsayawa, abin ya kufce masa. Ya riƙe sitiyari gumi na zuba, ya ji ɗumi yana bin cinyarsa har cikin takalmi. Warin ya cika motar. Aka shiga sauke gilasai, mata suna toshe hanci da gyale. Wani daga baya ya ce, "Direba, yau salansar motar ce ta fashe ko kai ne?" Wasu suka tuntsire da dariya.

Haka ya kai su har bakin kamfani. Manaja ya ce ya je ya huta tukuna, za a neme shi. Da yamma Tela ce ta durƙusa a bayan gida tana wanke wandon, ruwan ya yi ja. Goggo ta zo wucewa ta tofar da yawu.

"Ƙaton mutum da kashi a wando. Ga amfanin tsirfa nan."

Bayan kwana huɗu ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Aka kwantar da shi, aka ɗaura masa ruwa da jini.

Da rana likita ya zo zagaye, ya tsaya yana juya littafin, shafi bayan shafi duk layi.

"Wannan ai kusan komai kun hana shi. Me yake ci to?"

Kafin Tela ta buɗe baki, Goggo ta gyara zama a kan kujerar jinya.

"Yawwa likita, tambaye ta! Da yunwa take son kashe shi. Da ba don ni ba da tuni an binne shi. Wata biyu cur, kullum sai na zuba masa cokali biyu na madarar gari a kula, in narka kitse in kwarara a kai. Ya ci, har yana santi! Ka ga ashe ba abincin ba ne, ƙarya suke yi wa kansu."

 Mai jinyar gadon kusa ta bar ɓare lemon da take yi.

Tela ta dubi littafin da ke hannun likita. Ta dubi layin da ta ja wa dankali, da na shinkafa, da na kifi. Duk da hannunta ta ja su. Ta dubi bakin Goggo, yana maiƙo da naman da ta ci a bakin asibiti, tana jira a yaba mata.  Da ƙyar Tela ta kai wurin kwata a waje ta amayar da duk abin da ke cikinta.

Likita bai ɗaga murya ba.

"Hajiya, ciwon nan ba ke kika sa masa ba, da abinsa kika same shi. Amma wata biyu muna neman laifi inda babu shi. Mun cire masa maganin da ke yi masa aiki, sun hana shi abincin da jikinsa ke karɓa. Yanzu aikin tiyata ya kama, kuma jikin da za a yi wa aikin babu komai a cikinsa."

"To ni ai alheri na nufa," in ji Goggo. "Daga taimako?"

Direba yana jin komai. Ya juya fuskarsa bango.

An yi aikin, an yanke wani ɓangare na hanjinsa. Bai sake komawa sitiyari ba. Ya yi wata bakwai yana shiga asibiti yana fita, har kwanansa ya ƙare.

A jinyarsa ta ƙarshe Goggo ta zo. Ta rame, surutun nan duk babu. Ta ga leɓensa ya bushe, ta zuba ruwa a kofi ta kai masa baki.

"Sha, ɗana. Ruwa ne kawai, wallahi ruwa ne."

Ya dube ta. Bai zage ta ba, bai ɗaure fuska ba.

"Na yafe miki, Goggo," ya ce a hankali. "Amma ba wa Tela kofin."

Tela ta karɓa, ta zubar, ta ɗauraye kofin, ta zubo wani. Sannan ya buɗe baki.

Darasi: Idan mai ciwo ya ce ba ya cin abu, ba iyayi ba ne, kuma ba a gwada shi a ɓoye. Goyon da ka yi masa yana jariri bai mayar da kai likitan cikinsa ba. In kana son taimaka masa, tambaye shi abin da yake ci, ka dafa shi yadda ya ce, ko ka janye hannunka daga kwanonsa. Ku tura wannan ga duk gidan da ake ware wa wani tukunya, don akwai masu cokali biyu a gidaje da yawa.