Ƙarar da Dila Ya Kai Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta.

A makarantar koyon shari'a ta dawa, Dila ne kullum na ɗaya, har Bushiya ta zo ta sha gabansa. Tun daga ranar, in an yabe ta sai ya ji kamar ƙayarta ce ke sukarsa.

Ana gama jarrabawa ya garzaya wurin Kunkuru, shugaban kwamitin ladabtarwa.

"Allah gafarta malam, Bushiya ta saci amsa! A kore ta."

Kunkuru ya ce, "Ba ma korar ɗalibi sai mun ji ta bakinsa."

Bushiya ta zo, ta rantse cewa har aka gama jarrabawar ko kai ba ta ɗaga ba.

Dila ya zabura. "Ƙarya take! Amsarta da tawa iri ɗaya ce. Da idona na karanta allonta!"

Kunkuru ya ƙura masa ido. "Ana cikin jarrabawar ka karanta?"

Nan asirin Dila ya tonu. Aka wanke Bushiya, shi kuwa aka dakatar da shi shekara guda. Har ya kai ƙofa, sai ya waiwayo.

"Malam, ita maki nawa ta ci?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.